Hannun da Baba Ya Wanke da Tina

Kwana uku muka yi muna zaman makokin Baba, kuma duk wanda ya shigo sai ya yi maganar hannunsa. Na gaji da jin ta tun ranar farko. Amma ni surukar gida ce, aikina in shimfiɗa tabarma, in kawo ruwa, in ce amin.

Baba shi ne mahaifin maigidana. Sunansa bai taɓa fita daga bakina ba yana raye, ba kuma zan fara yanzu da yake kwance a maƙabarta ba. A Talata Mafara an san shi da mai fenti na bayan kara, wato kasuwar shanu. Fiye da shekara arba'in yana feshi: ƙofofin ƙarfe, gadajen amare, akwatuna, da bodin manyan motocin da ke ɗaukar shanu zuwa kudu. Maigidana, ɗansa na fari, ya tashi a shagon, a nan kuma yake har yau.

Danginsa na Bakura suka zo mota biyu. Nawa dangin suka taso daga Kaya, suka biya Maradun suka ɗauko wata gwaggona da ba ta wuce makoki ko na wane ne. Matan mahauta suka shigo a jere, kowace ta durƙusa gaban Inna, uwar maigidana, ta yi gaisuwa tun daga kwana har gajiya har haƙuri har ƙarin haƙuri, sannan ta koma gefe ta fara ba da nata labarin. Wata tsohuwa daga Garbadu ta ce gadon da ya fesa mata lokacin aurenta jikarta ce ke kwana a kansa yanzu, kuma ko ɓarewa fentin bai yi ba. Wata daga Dosara ta ce mijinta ya taɓa kai masa ƙofa, ya fesa, ya duba, bai gamsu ba, ya kankare ya sake daga farko ba tare da an ce ya yi ba. Duk gaskiya suka faɗa, haka yake.

Ranar uku, bayan an yi addu'a a waje, Baffa ƙanin Baba ya shigo ya tsaya a ƙofar ɗakin Inna ya kawo mata abin da liman ya faɗa a gaban jama'a.

"Liman ya ce shekara arba'in suna salla masallaci guda, bai taɓa ganin ɗigon hwenti ga hannunai ba. Ko cikin akaihwa. Ya ce wanga shaida ta ishe mutum."

Mata suka yi kabbara. Inna ta rufe fuska da mayafi. Ni kuwa na ɗauki tulun da ba ya bukatar ruwa na yi madafa da shi, na zauna kan turmi na yi kukana. Gwaggona ta biyo ni tana cewa in yi haƙuri, ai ba kowace suruka ke samun uban miji irin wannan ba. Ban gaya mata abin da ya sa ni kukan ba.

Ga yadda hannun Baba ya kasance tas. Fentin mai idan ya bushe a fata, ruwa ba ya ratsa shi, kuma Baba ya riƙe cewa alwalar da ruwa bai taɓa fata ba ba alwala ba ce. Ba ya wasa da wannan ko kaɗan. Don haka a bakin shagonsa, kusa da buta, kullum akwai wata ƙaramar jarka ta tina, ruwan nan mai kaifin wari da ake tsinka fenti da shi. Da an kira azahar sai ya tsiyaya a tsumma ya goge hannu har gwiwa, ya bi tsakanin yatsu, ya sa tsinke ya ƙwaƙule farce, ya shafa a goshi da gefen gemu inda feshin ya sauka. Sai hannun ya yi fari fat kamar an barbaɗa masa toka. Sannan ya ɗauki buta. Da la'asar ya sake, da magariba ya sake. Yakan ce yana son sanyin da take sa wa fata. Da yamma Inna ta zauna tana cusa masa man kaɗanya a cikin tsagun da suka buɗe a tafinsa, tana mita, yana dariya.

Ya koya wa maigidana haka tun kafin ya koya masa riƙon bindigar feshi. Ya koya wa duk wanda ya taɓa aiki a ƙarƙashinsa. Akwai masu fenti a Bakura da Maradun da idan ka ga jarka kusa da butarsu, to, daga hannun Baba suka fito.

Shagon kuwa ɗaki ne mai taga ɗaya, ita ma ya toshe ta da buhu ya buga ƙusa. Dalilinsa shi ne ƙura da ƙuda. Kara na kusa, ranar Talata motocin shanu ba sa barin iska ta kwanta, kuma ƙuda guda idan ya sauka a ɗanyen fenti ya ɓata ƙofa. Sai ya ja ƙyaure ya rufe kansa a ciki da aikin. Idan ya fito, ido ja wur, yana tangaɗi kaɗan, yana fara'ar da ta fi ta kullum, maƙwabtansa masu walda su ce yau ma fenti ya bugi tsoho. Sai ya zauna a benci ya sha nono. Akwai wata Bafillata da ke ajiye masa ƙwarya kullum, don shi da duk masu sana'ar sun yarda nono yana wanke ƙirji. Ciwon kai kuwa bai ɗauke shi ciwo ba. Cewa yake yi kan da ba ya sarawa da yamma, mai shi bai yi aiki ba ranar.

Ba zan bari a ɗauka mutum ne mai taurin kai kawai ba. Tun ranar da aka kawo ni gidan yake kirana Malama, saboda ina koyar da kimiyya a wata makarantar 'yan mata. Lokacin da wasu daga dangin Inna suka fara ƙorafin matar ɗan fari tana fita kullum, shi ya kashe maganar da jimla ɗaya, ya ce da aikinta aka ganta aka aura. Wata rana na yi wa maigidana ƙorafin allon ajinmu ya koɗe, ina rubutu 'yan baya ba sa gani. Ban san maganar ta kai kunnen Baba ba. Ranar Litinin na shiga aji na tarar da allo baƙi wuluk yana sheƙi, ba nawa kaɗai ba, na dukan azuzuwan. Maigadi ya ce wani dattijo ne ya zo ranar Asabar da gwangwani da buroshi, ya yini. Baba bai taɓa tada zancen ba. Da na je na durƙusa zan yi godiya sai ya juya yana tambayar Inna ko an ba awaki dusa.

Yana da tsokana kuma. Idan tuwo ya yi ruwa sai ya aiko a tambayi Malama ko wannan ma kimiyya ce. Idan na yi jinkirin gaishe shi da safe sai ya ce wa Inna yau makaranta ta tashi da wuri ko ta makara. Duk ta bakin wani yake yi, ni ma ta bakin wani nake mayarwa. Shekarun da na yi a gidan, ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba, ban taɓa cin abinci a gabansa ba. Haka aka tarbiyyantar da ni, kuma ina alfahari da hakan.

Yawancin tinar da suke saye a jarkoki take zuwa, ba takarda ba suna, ba wanda ya san abin da aka gauraya a ciki. Amma wata rana maigidana ya kawo gida wani galan na ƙarfe da ya ƙare, Inna tana so ta riƙa zuba man gyaɗa. Wannan da takardarsa. Na ɗauka zan wanke sai idona ya sauka kan haruffa uku, MEK, da hoton harshen wuta, da jerin gargaɗi. Kada a shaƙa. Kada ya taɓa fata. A yi aiki da shi inda iska ke wucewa. Na san dangin wannan sinadari tun muna kwaleji, kiton ake ce musu. Na koma na buɗe littafi, na duba a waya. Yana cinye maiƙon fata har ta bushe ta tsage, yana shiga jiki ta numfashi da ta fatar, yana kawo ciwon kai da jiri da jan ido. Idan kuma ya haɗu da wasu 'yan'uwansa da ake gaurayawa a tina, yana ƙara musu ƙarfin lalata jijiyoyin hannu da ƙafa. Nono ba ya wanke komai daga ciki. Na ɓoye galan ɗin a bayan akurkin kaji, na ce wa Inna ya huje.

Ban iya zuwa wurin Baba ba. Sai na yi abin da muka saba, na bi ta hannun ɗansa. Na ba da sautu Gusau aka sayo safar hannu ta roba mai kauri da takunkumin fuska mai matata, kowanne biyu. Na yi wa maigidana bayani, ya saurara, ya ce to. Washegari ya sa nasa ya shiga aiki, ya ajiye wa Baba nasa a benci.

Abin bai kai azahar ba. Masu walda suka taru suna dariya, suna tambayar ko an buɗe asibiti a bayan kara. Baba kuwa ransa ya ɓaci ƙwarai. Shi da yatsa yake auna kaurin fenti, ya tsoma ya ɗaga ya ga yadda yake zuba, ya murza ya ji. Ya ce wanda ya rufe hannunsa da roba ya rufe idonsa ne. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne a gaban mutane ɗansa ya ce masa tinar alwala guba ce. Ya tambaye shi ko yana nufin shekara arba'in da guba yake tsayawa gaban Allah. Kwana uku ba su yi magana ba. Akushinsu da ake haɗawa aka raba biyu, maigidana ya riƙa cin nasa a ɗakina yana huci, yana cewa ni na jawo masa.

Rana ta huɗu bayan la'asar Baba ya shigo cikin gida, abin da ba ya yi a wannan lokaci, ya zauna a kujera ƙofar ɗakin Inna, ya ce a kira Malama. Inna na nan, Gwaggo ƙanwarsa da ta zo daga Bakura na nan, ga wata maƙwabciya tana tsince shinkafa. Maigidana yana tsaye a bakin zaure. Na zo na durƙusa nesa. Ya gaishe ni kamar baƙuwa, ya tambayi makaranta, ya tambayi ɗalibai, ya tambayi mutanen Kaya ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya ce:

"Malama, na san robobin ga ba dabarar wancan ba ta. In akwai wani abu ga littahinku bisa tina, hwaɗa mani nan, kowa shi ji."

Na ji idon Gwaggo a kaina. Na ji maƙwabciya ta daina tsintar shinkafa. Na hango yadda maganar za ta fita gidan kafin magariba, a ce 'yar Kaya ta zaunar da uban mijinta tana koya masa tsarki. Na sunkuyar da kai na ce:

"Ba komi, Baba. Kariya ta kawai. Allah shi kiyaye."

Ya ce amin, ya ce in tashi in je. Gwaggo ta yaba da hankalina har ta koma Bakura tana faɗa. A daren aka mayar da akushi ɗaya. Takunkuman aka rataye su a ƙusa cikin shago har robarsu ta ƙone, safar hannun kuwa Inna ta ɗauke tana gyaran attarugu da ita. Maigidana bai sake tada maganar ba, ni ma haka. Idan zuciyata ta dame ni sai in ce mata ai na yi iya yina, na sayo, an ƙi.

Shekara shida abin yana tafiya a hankali, ina kallo. Da farko ƙamshi ya ɓace masa. Inna ta ƙona miya rannan har maƙwabta suka leƙo, shi yana zaune kusa da murhu bai ji komai ba. Daga nan kofin shayi ya fara suɓuce masa. Carbinsa mai ƙananan 'ya'ya ya ajiye ya sayi mai manya, daga baya shi ma ya ajiye, ya ce ya fi son ƙirga da baki. Wata Juma'a ya dawo daga masallaci da takalmi ƙafa ɗaya, bai san inda ɗayan ya fita ba, ƙafar tana jini ya taka ƙaya bai ji ba. Inna ta ce sanyi ne. Gwaggo ta ce a nemi tsari, sana'a mai albarka ba ta rasa masu baƙin ciki. An sha rubutu, an sha sassaƙe, an yi turare. Ni na dafa wasu daga cikin sassaƙen da hannuna.

Da abin ya ƙi, maigidana da Baffa suka kai shi asibiti a Gusau. Aka auna suga, babu. Aka auna wasu abubuwan, babu. Likitan ya juya tafin hannun Baba ya duba, ya tambayi sana'arsa, ya tambayi da me yake wanke fenti. Maigidana ya ce da aka gaya masa sai ya ajiye biro. Ya ce jijiyoyi ne suka lalace, ba zai rantse a kan abu ɗaya ba tunda ba a san abin da ke cikin jarkokin ba, amma ya fi zargin tinar, kuma dole a bar ta yau ba gobe ba. Ya ce wanda ya lalace da wuya ya dawo duka. Ya kuma kalli maigidana ya tambaye shi ko shi ma sana'arsa ke nan. Maigidana ya ba ni wannan labarin yana dariya, ya ce likitoci da tsoratarwa, shi ƙalau yake.

Baba ya bar feshi, don bindigar ma ba ta zama a hannunsa. Amma bai bar shago ba. Kullum yana benci yana duba aikin ɗansa, yana nuna inda fenti ya yi hawaye. Jarkar tana nan kusa da buta, maigidana yana amfani da ita sau uku a rana. Baba yana gani, bai ce a ɗauke ba.

A matakalar masallaci ya faɗi, da asuba, mataki biyu kacal. Ƙafar ba ta gaya masa ta kai ƙarshen dakali ba. Ƙashin ƙugu ya karye. Wata huɗu yana kwance, ciwon ƙirji ya zo ya haɗu, jiki ya yi ta raguwa. Ba zan ce tina ce ta kashe shi ba, kwana ne ya ƙare, kuma likita ma bai ce haka ba. Abin da na sani shi ne ita ta cinye masa ƙafa, ƙafar kuma ta kayar da shi.

Jinya tana rage kunya ko ba a so. Wata safiya Inna ta zaga bayan gida, maigidana ya tafi shago, kunu yana hucewa, ba kowa sai ni. Na shiga da sallama na durƙusa. Ya yi ƙoƙarin karɓar kofin, yatsun suka ƙi rufuwa. Sai na matsa na riƙe masa a baki. Ya sha kaɗan ya kau da kai. Ina shirin fita ya ce in zauna.

"Malama, ranan nan da nit tambaye ki gaban Innarku, kin san amsa."

Na ce na sani, Baba.

"Ni ma na san kin sani. Ba don kaina nit tambaya ba, ni na riga na tsuhwa cikin abin. So niy yi ki hwaɗi gaban kowa, in ce to, ilimi ya yi magana, a ɗauke jarka. Da ba a ce ɗa ya koya ma ubanai alwala ba. Da kinka ce ba komi, sai nir rasa ta inda zan sauko."

Ban san sanda hawaye suka zubo mini ba. Na ce ya yafe mini. Ya ce shi ya kamata ya nemi yafiya, don shi ne babba, kuma bayan likita ya yi magana ma girman kai bai bar shi ya ce a ɗauke ba. Ya ce ya gwada yi wa ɗansa zancen a kwance, ɗan ya ce masa ciwo ne ke sa shi tunani, ya huta. Abin da ka koya wa mutum yana ƙarami da sunan addini, in ji shi, ba ka cire masa shi da murya irin ta majinyaci. Daga nan Inna ta dawo, na ɗauki kofi na fita. Kwana tara bayan haka ya rasu, ranar Laraba da hantsi.

Wannan ne abin da nake ɗauke da shi ina zuba wa masu ta'aziyya ruwa. Suna yabon tsabtar hannunsa, kuma sun yi gaskiya, don Allah ya yi, ba don a gani ba. Ina roƙon Allah Ya karɓi kowace alwala da ya yi, Ya sa zafin tsagun nan da wata huɗun da ya yi a kwance su zama kankarar zunubi, Ya haskaka masa kabari, Ya yafe mana mu da muka gani muka yi shiru. Ina son jikokinsa su san kakansu mutum ne da ba ya ha'inci a aiki, wanda zai yini yana gyara allon makarantar da ba tasa ba. Ina kuma son su san abin da ya same shi, don kada wani ya ce musu sanyi ne.

Bayan addu'ar bakwai baƙi suka watse. Baffa ya kira maigidana ya ce kada a bar shagon ya mutu, akwai ƙofofi uku da ke jira tun kafin rasuwa. Washegari ya buɗe. Da la'asar ya dawo gida ya canza riga, warin tina na binsa, hannunsa fari. Ya miƙo mini hannun riga in sa masa maɓalli. Kusan shekara ke nan yana miƙo mini haka, yana cewa ramukan ne suka yi ƙanƙanta, ni kuma ina sa masa ina cewa telolin yanzu ba su iya aiki ba. Makullin babur ma ya faɗi daga hannunsa ya fi a ƙirga.

Ranar ban sa maɓallin ba. Na ce ya zauna. Na zaro tsinke ɗaya daga tsintsiya, na ce ya buɗe tafinsa ya rufe ido, idan ya ji na taɓa shi ya faɗa. Ya yi tsaki ya ce ya gaji, wane irin wasa ne wannan ana cikin makoki. Na ce ya yi mini haƙuri sau ɗaya. Ya rufe idon.

Na taɓa kan babban yatsa. Na taɓa manuni. Na danna na tsakiya har tsinken ya lanƙwasa.

"To, taɓa mana," in ji shi. "Ina da aiki."

Na ce ya buɗe ido. Ya buɗe ya ga tsinken a kan yatsansa, ya ga ɗan ramin da ya yi a fatar. Ya daɗe yana kallo. Na gaya masa duka, abin da ke jikin galan ɗin da na ɓoye, ƙaryar da na yi a tsakar gida, da abin da Baba ya faɗa mini ranar kunu. Na ce likita ya ce wanda ya lalace da wuya ya dawo, amma wanda ya saura ana iya tsare shi. Na ce gobe a cire buhun taga, a fito da aikin waje ko ƙuda zai sauka, a sa safa, abin da ya taɓa fata a cire shi da man gyaɗa da sabulu, jibi kuma mu tafi Gusau. Ban tsaya ba sai da na kai ƙarshe.

Ya dunƙule hannun ya buɗe, ya sake dunƙulewa. Can ya ce, a hankali:

"Kak ki hwaɗa ma Inna. Abin da ad da ita ya ishe ta. Ki bari sai ta hita takaba."

Wata huɗu da kwana goma ke nan, kuma na san shi, na san kaina. Idan na bari, za mu koma ga maɓalli da telolin da ba su iya aiki ba. A gidan nan mutum ɗaya ce ta rage da idan ta ce a ɗauke jarka za a ɗauke, ko Baffa ba zai ja da ita ba. Na ce masa ya yi haƙuri, na taɓa yin shiru a gidan nan, na ga inda ya kai mu.

Na ɗauki mayafina na ƙetare tsakar gida. Inna tana zaune a kan tabarma tana jan carbi. Na yi sallama, na durƙusa kusa da ita fiye da yadda na saba, na ce Inna, ina da magana.